Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu riƙe da makullan ayyukanmu na buɗaɗɗiyar manhaja

Zuwa ga shugabannin ƙungiyoyin matasa masu rubuta manhaja, da duk wanda ke da ikon karɓa ko ƙin karɓar gyara a wata ma'ajiyar kod da jama'a ke zuba aiki a cikinta, daga Kano da Kaduna da Zariya da Jos har Maraɗi da Damagaram da Yamai.

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina jinjina muku kan aikin da kuke yi ba dare ba rana, ga tsadar data ga rashin wuta, kuma ba wanda ke biyanku ko sisin kwabo.

Magana ɗaya ce ta sa na rubuto. Ma'ajiyoyinmu da dama da ke GitHub, shafin intanet da ake ajiye kod, yanzu suna ɗauke da fayil mai suna CODE_OF_CONDUCT.md, wato dokar zaman tare, kuma wannan abin a yaba ne. To amma ku buɗe ɗaya, ku gangara zuwa inda aka ce ga wurin da za a kai ƙara. Sau tari za ku tarar gurbin adireshin yana nan fanko, an kwafo takardar an liƙa ba a ko karanta ta ba. Inda aka cike kuma, adireshin shugaban aikin ne shi kaɗai, mutumin da in an bi ta ƙaƙƙarfan bincike shi ne ya fi kowa damar ɓata wa wani rai, tunda shi ke yanke hukunci a kan aikin kowa. Dokar da ba ta da mai karɓar ƙara, ba ta kuma iya hawa kan mai gida, ba ta tsare kowa. Abin da nake roƙonku shi ne ku ɗauke ta da muhimmancin da kuke ɗaukar gwajin kod, domin ita ce ke tantance wanda zai zauna ya ci gaba da turo aiki da wanda zai kama gabansa, har ma da irin kod ɗin da zai samu shiga.

Rubutun da yawancinmu muka kwafo sunansa Contributor Covenant. Coraline Ada Ehmke ce ta fitar da shi a 2014, dubban ayyuka suka ɗauka. Daga bugu na 2.0 aka saka masa matakan hukunci huɗu: a gyara wa mutum a keɓe, a gargaɗe shi, a dakatar da shi na wani lokaci, a kore shi ɗungurungum. Waɗannan matakan ba sa taka kansu. Sai an samu mutanen da aka ɗora wa nauyin.

Ba mu muka fara wannan tuntuɓe ba. Linux, tsarin tafiyar da kwamfuta wanda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, wanda a yau ke ƙarƙashin kowace wayar Android da ke aljihunmu, ya haura shekara ashirin ba shi da rubutacciyar dokar zama. Halin mai gida shi ne doka, kuma kowa ya san halin: ka turo kod marar kyau, ya wanke ka tas a gaban duniya da kalmomin da ba zan maimaita a nan ba. A 2015 aka saka wata 'yar gajeriyar takarda wadda a taƙaice take cewa za a soki aikinka, ka shirya, in ka ji an ci zarafinka ga kwamitin ba da shawara na Linux Foundation nan. A shekarar ce mutane irin su Sage Sharp, da suka rubuta sashen da ya sa Linux ke gane USB 3.0, suka tattara nasu ya nasu suka bar aikin, suna cewa ba za su ci gaba da zama inda ake girmama ƙwarewarsu amma ba a girmama su ba. Sai ranar 16 ga Satumba 2018 Torvalds da kansa ya rubuta ya nemi afuwa, ya ce hare-haren da yake kai wa mutane a saƙonninsa ba su dace ba, zai ɗan ja da baya ya nemi taimako kan yadda ake fahimtar mutane. Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu kula da Linux, ya riƙe ragamar har aka fitar da bugu na 4.19 a watan Oktoba, kuma a wannan tsakanin aka kawo sabuwar doka da aka gina a kan Contributor Covenant.

Abin da nake so ku lura da shi shi ne abin da suka yi bayan sun liƙa takardar. Sun rubuta takarda ta biyu da ke bayyana yadda za a fahimci ta farkon a cikin aikinsu, sun kafa kwamiti mai sunayen mutane sanannu, kwamitin kuma yana fitar da rahoton ƙararrakin da suka zo masa lokaci zuwa lokaci. A Nuwamba 2024 aka ga haƙoran dokar a fili, lokacin da aka dakatar da karɓar aikin Kent Overstreet, mai kula da bcachefs, wani tsarin adana fayiloli, tsawon zagayen bugu na 6.13, saboda wani saƙon cin mutunci da ya aika wa abokin aiki. Ba ƙaramin ƙwararre ba ne, ƙwarewar kuma ba ta cece shi ba. Masu cewa Linux zai lalace in aka hana zagi har yau suna jira. Ana fitar da sabon bugu duk bayan mako tara zuwa goma kamar da, kuma Torvalds bai daina watsi da kod marar kyau ba.

Na san abin da wasunku ke faɗa a bayan fage, domin an faɗa mini a gabana: wai wannan lallashin Turawa ne, mu da zafi muka koya, wanda ba zai iya jure magana ba ya je ya nemi wata sana'a. Bari mu sauko ƙasa mu duba abin da idonmu.

A ce kuna rubuta manhajar rajistar ɗalibai. Wani yaro a Maraɗi ya gwada ta, ta ƙi karɓar lambar wayarsa, domin wanda ya rubuta sashen ya ɗaure shi a kan lamba 11 mai farawa da sifili irin ta Najeriya, alhali lambar Nijar 8 ce bayan +227. Yaron ya zauna ya gyara, ya turo buƙatar a haɗa, PR kamar yadda muke cewa. Gyaran yana aiki. Sai dai ya cusa sharaɗin a fayil uku maimakon wuri ɗaya, bai rubuta gwaji ba, bayaninsa kuma Turanci ne mai ƙamshin Faransanci. Na ga irin wannan ya samu amsar "wannan wane irin shirme ne, je ka koyi kod tukuna", sannan a ɗauki hoton bayanin nasa a jefa a zauren WhatsApp ana ta tura fuskar dariya. Na ga kuma an ƙyale shi shiru wata da watanni, ba eh ba a'a, har aikin ya yi gaba gyaran ya daina shiga, sai wata rana wani ya rufe shi ba ko kalma ɗaya. Wannan na biyun ya fi yawa a wurinmu, kuma a ganina ya fi ciwo, domin wanda aka zaga ya san an ga aikinsa. A duka biyun sakamakon ɗaya ne: manhajar ta ci gaba da ƙin lambobin Nijar, yaron kuma ba zai sake kashe datarsa a kanku ba.

Ga amsar da ba ta fi minti uku ba: "Mun gode, ka kama kuskuren da ya wuce mu duka. Abu biyu kafin mu haɗa. Sharaɗin tsawon lamba ya fito a fayil uku, mayar da shi wuri ɗaya a riƙa kiransa daga can. Sannan ka ƙara gwaji da lambar Nijar ɗaya, ta Najeriya ɗaya, da wata marar inganci. In ka maƙale rubuto a nan." Ku duba da kyau, babu sassauci ko kaɗan a cikinta. Ba a karɓi aikin ba, an mayar masa. Tela yakan warware ɗinkin yaronsa sau biyar in hannun riga bai zauna ba, yaron kuma ya ƙware ta haka, amma ba sai an haɗa da zagin iyayensa ba kafin zare ya miƙe. Wanda ya kasa rubuta irin wannan amsa ya koma ga zagi, yawanci ba tsananin kishin inganci ke damunsa ba, ƙiwar bayyana abin da ya gani ce.

Amma in na tsaya a kan zagi kaɗai ban yi muku adalci ba, domin cutar da ta fi kama mu kishiyarsa ce. Kunya da ganin girma. Girmama na gaba tarbiyya ce, ba na kuma neman a zubar da ita. Sai dai kwamfuta ba ta san shekaru ba, ba ta san wanda ya kafa ƙungiya ba. Na taɓa zama a wata ƙungiya inda shugaba ya tura kod kai tsaye cikin babban reshe, wato ainihin kwafin kod ɗin da kowa ke dogara da shi, da kalmar sirrin rumbun bayanai a rubuce ɓaro-ɓaro a cikin fayil, a ma'ajiyar da duk duniya ke iya buɗewa. Yara da dama sun gani. Ba wanda ya ce uffan, sai raɗe-raɗi a gefe, wai ai Oga ne, wa zai gaya masa. Ga shi kuma ko an goge layin daga baya, git, manhajar da ke riƙe tarihin kowane canji, ba ya mantuwa, kalmar tana nan a tarihin ma'ajiyar, sai an canza ta gaba ɗaya. Haka nan akwai gyaran da ake karɓa ba a karanta ba, don mai turowar aboki ne, ko ɗan unguwa, ko malamin da ya koya maka. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kowa ya san wannan karin magana, amma a aikace ƙarami ba zai faɗa wa babba ita ba sai babban ya buɗe masa ƙofa da kansa.

Hanyar buɗe ƙofar tana cikin saitin GitHub. Ku kulle babban reshe ta yadda ba wanda zai zuba masa komai sai wani ya duba ya amince, kuma ku kunna zaɓin da ke sa sharaɗin ya hau kan masu makulli su ma. Daga ranar da shugaba ya turo nasa PR ɗin kamar kowa, ya jira ɗalibar aji biyu ta duba, ta ce masa ga kuskure a layi na arba'in, ya ce na gode ya gyara a gaban kowa, ya koyar da abin da shafi goma na doka ba zai koyar ba.

Wannan ya kawo ni kan tambayar da ba a son yi: in shugaban ne ya yi laifi fa? Wanzami ba ya son jarfa. A Nuwamba 2021 gaba ɗaya tawagar masu sa ido kan ɗa'a ta harshen rubuta manhaja na Rust ta ajiye aiki rana ɗaya, tana cewa babbar tawagar shugabannin aikin ba ta amsa tambayar kowa sai ta kanta, don haka ba yadda za a zartar da doka a kanta. Rust fa aiki ne da aka san shi da ɗaukar dokar zama da gaske tun farkonsa, da manyan kamfanoni a bayansa, amma wannan giɓin ya ishe shi girgiza, har sai da aka sake fasalin shugabancin. To ina ga mu, da ƙungiya take hannun mutum ɗaya, shi ne mai ma'ajiya, shi ne mai zauren WhatsApp, shi ne mai raba takardar shaidar halartar taro? Ku naɗa mutum biyu ko uku masu karɓar ƙara, a rubuta sunayensu da hanyar samunsu, a samu aƙalla ɗaya da ba ya cikin masu makulli. A rubuta ƙarara cewa wanda ƙara ta shafa ba ya zama a kan shari'arta, ko shi wane ne.

Kuma a sa mace a cikinsu. Ga dalilina. Yarinya ta turo gyaranta na farko, aka haɗa, aka taya ta murna a zaure. Kafin a yi sallar isha'i saƙonni sun cika mata waya daga maza 'yan ƙungiyar da suka ciro lambarta daga jerin mambobi, kuma ba ko ɗaya da ke tambaya a kan kod. Wani na tambayar unguwarsu, wani na neman hoto, wani ya ce zai koya mata React amma su biyu. Ba ta kai ƙara ba. Wa za ta kai wa, tunda ɗaya daga cikin masu saƙon yana cikin shugabanni? Ta fita daga zauren shiru, daga baya aka zauna a taro ana mamakin me ya sa mata ba sa son harkar fasaha. Iyaye da dama a ƙasarmu da ƙyar suke barin 'yarsu ta shiga irin wannan taro, kuma labari ɗaya irin wannan ya isa ya rufe wa ƙannenta da ƙawayenta hanya. Dokarku ta faɗa a fili cewa bin mutum ta saƙon sirri da abin da bai shafi aiki ba, bayan bai nema ba, laifi ne mai hukunci, ko da ba a ma'ajiyar aka yi ba. Maganar aiki kuma a yi ta a ƙarƙashin aikin, inda kowa zai gani, inda wanda zai zo baɗi zai karanta ya gane dalilin da ya sa aka zaɓi wannan aka bar wancan. Shawarar da aka yanke a WhatsApp takan ɓace tare da wayar da ta faɗa ruwa.

Rigimar aƙida da ta jam'iyya kuwa, ku hana su ƙetare bakin ƙofa. A cikinmu akwai Musulmi akwai Kirista, akwai ɗan wannan masallaci da ɗan wancan, kuma duk lokacin zaɓe sai an rasa mutane a zaurukanmu kan abin da ba shi da alaƙa da ko layi ɗaya na kod.

Yanzu bari in juyo gare ku, ku masu kula da ayyukan, domin dokar nan ba don baƙo kaɗai aka yi ta ba. Ku ma tana tsare ku, kuma labarin xz ya isa hujja. xz wata ƙaramar manhajar matse fayil ce da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux, mutum ɗaya, Lasse Collin, ya yi shekaru yana ɗauke da ita kyauta. A 2021 wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara turo gyare-gyare masu kyau, cikin ladabi, ba hayaniya. A 2022 wasu sunaye da ba a san su ba a ko'ina suka fara matsa wa Collin lamba a bainar jama'a: aikin ya tsaya, ba ka damu ba, in ba za ka iya ba ka miƙa wa wani. Collin ya amsa cewa lafiyarsa ba ta cika ba, kuma wannan aikin sa kai ne ba biyansa ake yi ba. Matsin bai tsaya ba. Sannu a hankali Jia Tan ya samu makulli, har ya kai shi ke fitar da sabon bugu. A bugu na 5.6.0 da 5.6.1, farkon 2024, ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa wadda za ta ba mai wani makulli na musamman damar shiga kwamfutocin mutane ta SSH, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa. Ya ɓoye ta a cikin fayilolin gwaji, waɗanda ba wanda ke karantawa, abin da ke tayar da ita kuma ya sa shi a ƙunshin da ake saukewa, ba a cikin kod ɗin da ake gani a git ba. Allah ya sa wani injiniya, Andres Freund, mai aiki a kan manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL, ya lura shiga ta SSH na cin ƙarfin kwamfuta fiye da kima, yana jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Ya bi diddigi, ya tona asirin ranar 29 ga Maris 2024, kafin bugun ya kai ga mafi yawan kwamfutocin duniya.

Ku duba inda aka shigo. Ba a fasa wani kulle ba, gajiyar mutum ɗaya aka bi. Mai ladabin shi ne ɓarawon, masu tsawar kuma su suka share masa hanya, kuma ba wanda ya tsaya ya ce musu ku dakata, ba haka ake yi wa ɗan sa kai magana ba. Darasi biyu ke nan a dunƙule. Matsa wa mai kula lamba, da yi masa gori, da neman ya yi maka aiki yau-yau kamar ka ɗauke shi haya, laifi ne daidai da zagin baƙo, kuma dokarku ta ambace shi. Sannan ladabi ba ya maye gurbin dubawa. Mutum ya yi shekara biyu yana gaisuwa da kyau ba dalili ba ne na miƙa masa makulli shi kaɗai ba mai duba bayansa. Ko inda babu mugun nufi, matsin kan karya mutane. Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro Python, ya sauka daga shugabancin harshen a Yuli 2018 bayan doguwar taƙaddama mai zafi a kan wata shawarar yi wa harshen canji mai suna PEP 572, har sai da aka zaɓi majalisar mutum biyar ta gaje shi. Kuna da haƙƙin cewa a'a. Kuna da haƙƙin cewa wannan gyara yana da kyau amma ba inda muka dosa ba ne. Kuna da haƙƙin hutu. Abin da ba ku da haƙƙinsa shi ne shiru marar iyaka. In ba za ku iya dubawa cikin mako biyu ba, ku rubuta layi ɗaya ku ce mun gani, sai bayan jarrabawa.

Masu turo gyara su ma suna da nasu nauyin, amma ba za su san shi ba sai kun rubuta. Nan ne amfanin fayil na biyu, CONTRIBUTING.md, wanda a wurinmu ya fi na farkon ƙaranci. Ku faɗi yadda ake tayar da aikin a kwamfuta, yadda ake gudanar da gwaji, da cewa kafin mutum ya yi babban canji ya fara buɗe magana a tattauna, kada ya kwana bakwai yana gina abin da ba a buƙata. Gyara ɗaya, magana ɗaya. Wanda ya haɗa gyaran lambar waya da canza launin shafi da sake jera fayil hamsin a PR guda ya ɗora wa mai dubawa kayan da ba zai iya ɗagawa ba. Ku faɗi manhajojin da aikin ke buƙata da nauyin abin da za a sauke, domin wanda ke sayen data da kuɗin abincinsa ya cancanci ya sani tun kafin ya fara.

Ku kuma gaya wa yaranmu gaskiya a kan tara koren akwatuna a shafinsu na GitHub, waɗanda ke nuna yawan gudummawar da mutum ya turo. A Oktoban 2020, lokacin Hacktoberfest, da kamfanin DigitalOcean ke ba da riga ga wanda ya turo PR huɗu, masu kula da ayyuka a duniya sun wayi gari da ambaliyar gyaran banza, wannan ya ƙara waƙafi, wancan ya saka kalma ɗaya a bayanin aiki, har dole aka canza ƙa'ida cikin 'yan kwanaki, ya zama sai aikin da ya ce yana so. Yau kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta sauƙaƙa abin: mutum ya sa na'ura ta rubuta masa layi ɗari biyar, bai karanta ba, bai gwada ba, ya turo, in an tambaye shi me wannan sashen ke yi sai ya koma ya tambayi na'urar. Daniel Stenberg, mai kula da curl, manhajar saukewa da aika bayanai ta intanet, ya daɗe yana kuka da rahotannin ƙarya irin waɗannan da ke cinye masa lokaci. Gentoo, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, ta haramta irin wannan gudummawa a 2024. Ba na ce ku bi sahunta ba, ni kaina ina ganin haramci zai yi wuyar zartarwa. Amma ku rubuta ƙa'ida ɗaya: duk layin da ka turo, ka iya bayyana shi da bakinka. A 2021 Linux ya rufe ƙofa ga Jami'ar Minnesota baki ɗaya, bayan wasu masu bincike a can sun turo gyare-gyare masu ɓoyayyen lahani da gangan don su gwada ko za a kama. Hujjar Kroah-Hartman ita ce an yi gwaji a kan mutane ba da izininsu ba, an ɓata musu lokaci. Lokacin mai dubawa shi ne abu mafi tsada a wannan harka, kuma ɓata shi rashin ɗa'a ne ko da an yi shi da sallama.

Sai maganar mallaka, a gurguje. Ma'ajiyar da ba ta da lasisi ba buɗaɗɗiya ba ce, ko da kowa na iya ganinta, domin a doka haƙƙin yana nan wurin marubucin. Ku zaɓi ɗaya, MIT ko Apache ko GPL, ku san bambancinsu. Linux tun 2004, bayan da kamfanin SCO ya shigar da ƙara a kan mallakar kod ɗinsa, yake neman kowane gyara ya zo da layin Signed-off-by, inda mai turowa ke shaida cewa yana da haƙƙin ba da abin da ya kawo. Ba wuya, git commit -s ne kawai. Kuma in yaro ya yi aiki, sunansa ya fito a tarihin aikin. Na ga babba ya kwashe gyaran ƙarami ya sake turawa da sunansa, wai don ya gyara tsari. Wannan sunan shi ne kaɗai ladan da yaron zai samu, shi zai nuna ranar neman aiki.

Duk wannan ku rubuta shi da kalmominku, a gajarce, da Hausa tare da Turanci, da Faransanci in kuna da mutanen Nijar ko Kamaru ko Chadi. Shafi ɗaya da kowa ya karanta ya gane ya fi shafi biyar da aka kwafo. A taronku na gaba ku ware rabin sa'a ku karanta shi da ƙarfi, ku bar mutane su yi gardama a kansa, ku zaɓi masu karɓar ƙara a nan take. Daga nan ku buɗe jerin gyare-gyaren da suka daɗe suna jira, ku bi su ɗaya bayan ɗaya ku ba kowanne amsa, ko da amsar a'a ce.

Ni ma zan ɗauki nawa kason. Duk ƙungiyar da ke neman wani daga waje ya zauna cikin masu karɓar ƙara, a shirye nake, da sharaɗi biyu: a samu mace a kwamitin, kuma kada a ba ni makullin ma'ajiya.

Wassalam.

Naku a cikin aiki,
wani mai duba kod, daga Zariya